Ciwon Ƙafar Gaban Mota: Yadda Ake Gane Shi Da Yadda Ake Maganinsa

Duk wanda ya saba bin hanyar Kumasi zuwa Tamale, ko ma titunan cikin gari irin na Nima da Aboabo, ya taɓa ganin mota ta durƙusa a gefen hanya kamar raƙumi, tayar gaba ɗaya ta kwanta ta shige ƙarƙashin jiki. Jama'a su taru ana ta salati, ana cewa tsautsayi ne. Lalle tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma idan aka bincika za a tarar ƙarfen da ya cire ɗin ya yi watanni yana kuka, direba yana ji, fasinja suna ji, kowa ya toshe kunne.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, mu mazauna zango. 'Yan'uwanmu da yawa da mota suke ci da iyali: masu tasi, masu trotro, da masu ɗauko doya da hatsi daga kasuwar Techiman. Galibin motocin kuwa tsofaffi ne, sai da suka gama aiki a Turai ko Amurka ko Koriya kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Tema. Sa'an nan suka zo suka tarar da ramuka, da gargada, da tudun rage gudu, da lodin da ya wuce ƙima. Saboda haka a wannan wata muka ga ya kamata mu yi bayani a kan ƙafar gaban mota, don mai mota ya san abin da ke damun motarsa tun kafin ya isa wurin makanike, wato fita kamar yadda muke kiransa a nan Gana.

Mece ce ƙafar mota?

Abin da masu gyara ke nufi da ƙafa shi ne dukan ƙarafa da robobin da suka haɗa taya da jikin mota. Aikinsu uku ne: su ɗauki nauyi, su shanye girgizar hanya, su kuma riƙe taya a ƙasa a kan saitinta, don sitiyari da birki su yi aiki. Mu tuna fa, wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu ba. A kan wannan ɗan wuri rayukan da ke cikin mota suka dogara, bayan kiyayewar Allah.

Sifirin shi ke ɗaukar nauyi. Shakazoba kuma ita ke hana sifirin ya yi ta tsalle bayan an wuce rami. A cikinta akwai mai da ake tilasta wa bi ta ƙananan ƙofofi, wannan ne ke kashe tsallen. Akwai hannun ƙasa, wanda ya taso daga jikin mota zuwa gindin taya. Ta ɓangaren jiki yana zaune a kan robobi da ake kira bushin, ta ɓangaren taya kuwa ya ƙare da boljoyin, wato ƙwallon ƙarfe a cikin kwano, kamar yadda ƙashin cinyar mutum ya shiga kwankwaso. Akwai tayarod, sandar da ke kai umarnin sitiyari zuwa taya, ita ma da ƙaramin ƙwallo a bakinta. Akwai sitabilaiza, doguwar sandar da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu don rage kwanciyar mota a kwana, tare da 'yan guntayen sanduna da ke riƙe da ita. A tsakiyar komai kuma akwai boris, wanda taya ke juyawa a kansa.

Yawancin ƙananan motocin da muke hawa, irin su Corolla, an yi musu ƙafa iri guda ne, inda aka zura shakazoba a cikin sifirin suka zama ginshiƙi ɗaya, kansa ya tokare jikin mota a ƙarƙashin murfin inji. Ana kiran wannan tsari da sunan wani injiniya Ba'amurke, Earle MacPherson, kuma kamfanin Ford na Ingila ya fito da shi a motocinsa Consul da Zephyr a 1950. Ita ma Peugeot 504 da ta fito a 1968, wadda iyayenmu suka sha yabo saboda laushin tafiyarta, irin wannan ƙafa gare ta a gaba. Motocin a-kori-kura da yawa kuwa hannu biyu gare su, na sama da na ƙasa, kowanne da boljoyinsa. Tsohuwar Benz 207 ta trotro ita kuma gatari ɗaya ne ya ratsa daga taya zuwa taya a kan sifirin mai falle-falle, tayoyin na juyawa a kan wani ƙarfe da ake kira kimfin. Ya kamata kowa ya san irin ƙafar motarsa, domin gwajin ya ɗan bambanta.

A fara da kunne

Ƙafar mota ba ta mutuwa shiru. A kashe rediyo, a sauke gilashi, a bi hanya mai ɗan gargada a hankali, a saurara.

Idan ana jin ƙaras-ƙaras a kan ƙananan duwatsu, amma a kan kwalta mai santsi sai ta yi shiru, galibi 'yan sandunan sitabilaiza ne ko robobinta. Wannan shi ne mafi sauƙin ciwo, mafi arahar magani kuma. Idan kuwa ƙara ce mai nauyi, ƙwal, duk sa'ad da aka faɗa rami ko aka hau tudu, to a zargi boljoyin ko bushin hannun ƙasa. In ƙarar na zuwa ne daidai lokacin da aka taka birki ko aka tashi da mota, bushin ne ya fi kusa, don ya saki hannun yana motsi gaba da baya. Idan mota na tsaye aka murza sitiyari aka ji gurnani ko ƙas daga sama, kusa da gilashin gaba, to mazaunin kan shakazoba ne ya ci.

Kukan boris daban yake. Gunji ne kamar na jirgin sama daga nesa, yana ƙaruwa da gudu, kuma ko an saki totur ba ya dainawa. A hanya mara cunkoso a ɗan karkata hagu, a ɗan karkata dama. In an karkata hagu nauyi kan dama yake komawa, saboda haka idan gunjin ya ƙaru a lokacin, mafi yawa boris na dama ne mai laifi. Sa'an nan akwai ƙas-ƙas-ƙas da ake ji idan aka naɗe sitiyari gaba ɗaya ana juyawa. Wannan bakin shaf ne, a motocin da ke ja da tayoyin gaba, kuma kusan kullum robar da ta rufe shi ce ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga.

Hannu ma yana ji. Idan sitiyari na rawa a gudun kilomita 80 zuwa 100 a awa, a fara duba balansin taya, ko wili ya lanƙwashe. In rawar ba ta zuwa sai an taka birki, faifan birki ne, kada a ɗora wa ƙafa laifi. Idan mota na ja gefe guda, a fara auna iskar tayoyi, sa'an nan a musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu. In jan ya sauya gefe, taya ce; in bai sauya ba, sai a nemi saiti ko ƙarfen da ya tanƙware. Motar da ke yawo a hanya kuwa, direba na ta gyara sitiyari ba hutawa, wannan alama ce ta tayarod ko boljoyin da suka yi sako-sako, kuma ba a kwana da ita.

Taya ba ta ƙarya

Mu malaman makaranta mukan gane ɗalibi ta littafinsa; haka ake gane ƙafar mota ta tayarta. Idan gefe biyu sun cinye tsakiya na nan, iska ce ta yi kaɗan. Idan tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. Idan gefe ɗaya kaɗai ya cinye, na ciki ko na waje, saiti ya kauce. A shafa tafin hannu a kan zanen taya daga waje zuwa ciki, a dawo: in ta wannan gefe santsi, ta wancan kuma kaifi kamar haƙoran zarto, bakin tayoyin ne ba su fuskanci gaba sosai ba. In kuma taya ta yi kwari-kwari a zagaye, nan tudu nan rami, shakazoba ta mutu, taya na tsalle a kan hanya.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. Tsayin tayar ƙaramar mota kamar santimita 60 ne. A ce gabanta ya kauce daga bayanta da milimita 3 kacal, abin da ido ba zai gani ba. Ke nan duk tafiyar milimita 600 tana neman zamewa gefe da milimita 3. A kilomita ɗaya mita 5 ke nan. Mai tasin da ya yi kilomita 200 a yini ya ja tayarsa a kaikaice har tsawon kilomita guda, kamar ana goga ta a kan dutsen niƙa. Wannan ne dalilin da ya sa wani zai sayi sabuwar taya, kafin watanni kaɗan waya ta fito, ya koma yana zagin mai shago, alhali kuwa laifin na ƙarƙashin motarsa.

Gwaji a tsaye

A ajiye mota a wuri mai daidai. A auna daga tsakiyar wili zuwa bakin jikin mota da ke saman taya, dama da hagu. In gefe ɗaya ya fi sauka a fili, sifirin ya gaji ko ya karye. A danna kusurwar gaba da ƙarfi a saki: mai lafiya za ta taso ta zauna, mara lafiya za ta yi ta lilo. A haska tocila a jikin shakazoba; ɗan danshi ba komai, amma in mai ya zubo ya jiƙe ta, ƙura ta manne, ta gama aiki. A duba robobin da suka rufe boljoyin da tayarod. Wadda ta yage ta buɗe wa ruwa da yashi ƙofa, ko da ƙarfen bai fara kuka ba tukuna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga nan sai a ɗaga mota. A nan muna roƙon 'yan'uwa da babbar murya: kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma a tokare ta da bulon siminti, domin bulo fashewa yake yi farat ɗaya ba gargaɗi. A ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin baya, a tokare jikin da matokarin ƙarfe ko kututturen katako mai ƙwari.

A kama taya sama da ƙasa, kamar ƙarfe 12 da ƙarfe 6 a fuskar agogo, a girgiza. In an ji motsi, ko boris ne ko boljoyin. Ga yadda ake raba gardama: wani ya taka birki ya riƙe, a sake girgizawa. In motsin ya ɓace boris ne, in yana nan boljoyin ne. Sai a kama taya ta gefe da gefe, ƙarfe 3 da ƙarfe 9, a girgiza, wani ya ɗora hannu a bakin tayarod. Zai ji motsin a tafinsa, ya gane ko bakin waje ne ko na ciki. A juya taya da hannu a dafa sifirin. Boris da ya ci yakan aiko da ɓarɓashin girgiza har cikin yatsu. A ƙarshe a sa dogon ƙarfe a ɗan banƙare hannun ƙasa kusa da bushin, a ga ko robar ta tsage ko ta rabu da ƙarfenta.

Akwai wani tarko da ya kamata masu a-kori-kura su sani. A motar da sifirin ke danne hannun ƙasa, ƙarfin sifirin yakan matse boljoyin ya ɓoye motsinsa idan taya na reto a iska. Irin wannan sai an sa jak a ƙarƙashin hannun kansa, kusa da taya, kafin a gwada. Boljoyin da yawa sun ci jarrabawa ta wannan hanya alhali sun kusa cirewa.

Wajen gyara

Wanda ya yi wannan bincike zai isa gareji da magana a bakinsa. Maimakon ya ce, "Masta, motar tana ƙara," a bar shi da canje-canjen kaya har aljihu ya huje, sai ya ce, "Masta, ƙafar dama na bugawa in na faɗa rami, na girgiza sama da ƙasa akwai motsi, ko an taka birki ba ya ɓacewa. Don Allah a duba mini boljoyin." Fita na kirki zai ji daɗin wannan, zai kuma nuna wa mai mota motsin da idonsa kafin ya kwance noti ko ɗaya.

Ga ƙa'idojin da bai kamata a yi sassauci a kansu ba. Shakazoba da sifirin bibbiyu ake sauya su, dama da hagu, in ba haka ba mota za ta riƙa kwanciya gefe guda a birki da kwana. Ba a kwance notin kan shakazoba sai an matse sifirin da ƙarfen da aka yi domin wannan aiki. Sifirin na ɗauke da nauyin kusurwar mota, in ya kuɓuce yana iya fasa fuskar mutum. Ɗaure shi da igiya ko waya ganganci ne, kuma galibi yaran gareji, 'ya'yanmu da muka kai koyon sana'a, su ake sa wa wannan aiki.

Kusoshin bushin ba a ƙarasa ɗaure su sai an sauke mota ta zauna da nauyinta. In aka ɗaure tana sama, da an sauke ta robar za ta murɗe ta zauna a murɗe, ba da jimawa ba ta yage, a ce kayan jabu ne. Wajen cire bakin tayarod a ƙirga zagaye nawa aka warware, a mayar da sabon daidai da haka, don mota ta iya kai kanta wurin saiti. Notin da aka yi shi da ƙusar makulli mai baki biyu a sa masa sabuwa; ƙusar kafinta ko guntun waya ba su maye gurbinta.

Sa'an nan akwai dabarun da talauci ya koya mana, waɗanda ya kamata mu rabu da su. Ana bubbuge kwanon boljoyin da guduma don ya matse, ko a cusa masa leda da guntun roba. Ƙarar za ta ɗauke na 'yan makonni, amma wuyan ƙwallon da ya riga ya sirance yana nan yadda yake, an dai rufe bakin mai gargaɗi ne kawai. Ana yi wa tayarod walda, ana kuma gasa hannun da ya lanƙwashe a miƙe shi. Wuta na sauya ƙwarin ƙarfe, kuma ba mai iya sanin ranar da zai karye ta hanyar kallo. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa ɗaya. In tayarod ta rabu a wannan gudu, kafin direba ya ce innalillahi mota ta bar hannunta. Roba ta sitabilaiza in an yanko ta daga tsohuwar taya, illarta ƙara ce da saurin lalacewa. Amma boljoyin da tayarod, waɗannan rai ke rataye a kansu.

Sayen kaya

Masu sayen kayan gyara a Abossey Okai a Accra ko Suame Magazine a Kumasi sun san zaɓi biyu ne: sabo, ko na hannu da aka ciro daga motocin waje. Shawararmu ita ce, abin da ke da ƙwallo ko roba ko mai a ciki, wato boljoyin, tayarod, bushin, boris da shakazoba, a sayi sabo mai sunan kamfanin da aka sani, in da hali. Na hannu ya riga ya ci rabin ransa ko fiye, kuma wanki da fenti ba sa dawo da shi. Ƙarfe zalla kamar hannun ƙasa ko sifirin ana iya sayen na hannu, muddin bai lanƙwashe ba, ba walda, ba tsatsa mai zurfi. A lura da tsatsa sosai, domin a ƙasashen sanyi gishiri ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara, iskar teku ta Accra da Tema da Takoradi kuma tana ƙarasa abin da ya rage. A tafi da tsohon ƙarfen a gwada da sabon, a riƙe lambar jikin mota, domin mota iri ɗaya takan bambanta daga shekara zuwa shekara. In dole sai shakazoba ta hannu, a tsai da ita a ja a tura: ta yi tauri bai ɗaya daga farko har ƙarshe, ba wurin da ta zarce fayau. Araha dai ba ta ado.

Bayan kowane aikin da ya taɓa tayarod, hannun ƙasa ko shakazoba, a wuce wurin saitin taya kai tsaye. Amma saiti shi ne na ƙarshe. Wanda ya kai mota saiti da boljoyin mai motsi ya zubar da kuɗinsa, don ramin farko zai rushe aikin. Haka kuma kada a sa sababbin tayoyi sai an gama da ƙafa.

Rigakafi

Tun ranar 4 ga Agusta 1974 da Gana ta koma tuƙi a hannun dama, tayar dama ce ke bin bakin kwalta inda ya zaizaye, ita ke hawa gefen kwata, ita ke sauka kan burji in mai trotro zai ɗauki fasinja. Don haka a riƙa ba ƙafar dama kulawa ta musamman. A rage gudu kafin a isa rami, a saki birki daidai lokacin faɗawa, domin birki na tara nauyi a gaba ya danne sifirin, ya bar shi ba sauran wurin shanye bugu. A tuna kuma in gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ninki huɗu yake yi. Da damina ruwa kan rufe ramuka, a bi kududdufi da tsoro. Bayan damina a ɗaga mota a duba robobi, masu wurin giris a ɗura musu.

Hukumar DVLA, wadda aka kafa a 1999, tana duba motocin haya duk wata shida, na gida kuma shekara-shekara. Wannan abu ne mai kyau, amma takardar da aka manna a gilashi shaidar ranar da aka duba ce kawai. Muna kira ga shugabannin tashoshinmu da su sa ido a kan motocin da ke lodi a hannunsu, ga masu motoci kuma da su daina cewa direba ya lallaɓa zuwa ƙarshen wata idan ya kawo ƙarar ƙafa. Kuɗin boljoyin guda bai kai na taya ɗaya ba, balle na asibiti. Mu fasinja ma muna da haƙƙin yin magana in mun ji ƙafa na bugawa, cikin ladabi, ba da faɗa ba. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.